Filin Tambaya da Amsa: Bas ɗin Cikin Kwamfuta Ma Ba Ta Son Gaggawa

Wasiƙun wannan makon sun taru a wuri ɗaya kamar an haɗa baki: tuƙin bas ta cikin gari a gem, musamman motocin nan da ake saukewa daban a ƙara, waɗanda aka ƙera su dalla-dalla yadda suke a zahiri. Yawancin masu tambayar OMSI 2 suke bugawa, don haka a kansa zan fi tsayawa. Ga wanda bai san shi ba, wasu Jamusawa biyu ne, Marcel Kuhnt da Rüdiger Hülsmann, suka fitar da na farko a 2011, na biyun ya biyo baya a watan Disambar 2013 ta hannun kamfanin Aerosoft. Ya tsufa, hotonsa ba ya burge yaran yanzu, amma har gobe ana ƙera masa sababbin motoci da garuruwa. Na taƙaita wasu wasiƙun saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na sauke wata sabuwar bas na saka a OMSI 2. Na tayar da inji, na sa giya, na taka totur har ƙasa, inji sai ruri yake amma mota ko gezau. Ga wata ƙara tana ta damuna a kunne, ga jar fitila a gabana. Fayil ɗin ne ya lalace, ko in sake saukewa?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka ƙona datarka a banza, fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau. Motar ce take gaya maka ba ta shirya ba, kai kuma kana ta taka ta.

Birkin babbar mota da iska yake aiki. Inji yana juya kwamfireso, shi kuma yana cika tankuna. Birkin ajiye mota kuwa a juye yake: wani ƙaƙƙarfan sifirin ne ke danne tayoyin baya, iska ce ke ɗaga shi. In babu iska a tanki, ko ka saki hannun birkin sifirin ɗin ba zai ɗaga ba. Da gangan aka yi shi haka, don in iska ta zube a hanya mota ta tsaya, kada ta gudu da mutane. Masu ƙera motocin ƙari masu kyau sun kwaikwayi wannan har da yoyon iska, shi ya sa motar da aka ce ta kwana a gareji za ka same ta tankunanta sun sauka.

To ga yadda za ka yi. Danna E a kibod ka kawo wuta. Tabbatar giya tana kan N, don inji ba ya tashi a kan wata giyar. Riƙe M har ya kama. Daga nan ka cire hannunka, ka zuba wa agogon iska ido. Muddin allura tana ƙasa da 5 ko 6 a ma'aunin ƙarfin iska da ake kira bar, ƙarar nan ba za ta yi shiru ba. Bari ta hau zuwa wajen 8, za ka ji wani huci daga ƙarƙashin mota, alamar tankuna sun cika ke nan. Kana iya ɗan taɓa totur don ta yi sauri, amma ban ga amfanin azabtar da inji mai sanyi ba, ko da na cikin kwamfuta ne. Lokacin jiran nan shi ne na kunna fitilun ciki, gyara allon gaba da duba madubai. Iska ta cika, sai ka taka birki, ka danna D, ka saki birkin ajiyewa da madannin ɗigo.

In duk ka yi wannan ta ƙi tafiya, duba ƙofofi. Bas ta cikin gari tana da birki na uku, birkin tasha, wanda ke riƙe ta muddin ƙofar baya a buɗe take ko an ba ta izinin buɗewa. A motocin zamani har in an durƙusar da motar gefe ɗaya don tsofaffi su hau, ko an shimfiɗa gadar keken guragu, ba za ta motsa ba sai an mayar da komai mazauninsa. Wasu motocin kuma suna da babban makunnin batir daban, wanda in ba ka murɗa shi ba E ɗin ma ba zai kawo komai ba. Kusan kowace motar kirki tana zuwa da ɗan littafin bayani a cikin foldarta, kuma kusan babu mai buɗe shi. Ka zama na daban. Akwai gajeriyar hanya, Shift da U, da ke tayar da komai lokaci ɗaya, sai dai ba kowace motar ƙari ke amsa ta yadda ya kamata ba. Ni dai ba na amfani da ita. In na tsallake tayar da motar da hannuna, me ya sa na nemo mai wahala tun farko?

TAMBAYA: Na daɗe ina tuƙa tirela a Euro Truck Simulator 2, ina ganin na iya babbar mota. Amma a bas duk kwanar da na sha sai tayar baya ta hau dakalin titi, ko bayan motar ya kwashe fitilar hanya. Me nake yi ba daidai ba?
Daga mai son manyan motoci

AMSA: Abokina, tirelar ce ta ɓata maka ido. A kan tirela kana zaune ne kusan a saman tayoyin gaba, inda ka juya nan kan motar ya juya. A bas kana zaune a gabansu, da tazara mai yawa.

Ɗauki Mercedes-Benz Citaro mai mita 12, wadda ake ƙerawa tun 1997 kuma tana cikin motocin da aka fi kwaikwaya a gem ɗin. Daga hancinta zuwa tayoyin gaba kusan mita 2.7 ne. Tsakanin tayoyin gaba da na baya kusan mita 5.8. Abin da ya rage a bayan tayoyin baya kusan mita 3.4, yana rataye. Waɗannan lambobi uku su ne duk matsalarka.

Na farko: idan ka murɗa sitiyari lokacin da idonka ya kai bakin kwana, ka yi wuri, domin tayoyinka ba su iso ba tukuna. Dole kai da gilashin gaba ku wuce kwanar, ku shiga tsakiyar mararraba har ka ga kamar za ka faɗa shagon da ke tsallake, sannan ka murɗa, kuma ka murɗa da gaske, ba kaɗan-kaɗan ba. Hancin motar zai share saman dakalin da ke gabanka ba tare da taya ta taɓa shi ba, kuma haka direbobin gaske suke yi in babu mutum ko turke a wurin. Na biyu: tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke suke yi ta ciki. Saboda haka da zarar ka fara juyawa, idonka ya koma madubin gefen da kake juyawa, ka nemi tayar baya da gefen titi. In ka ga tazarar tana ƙarewa, sassauta sitiyari, ka ƙara gaba kaɗan, ka sake murɗawa. Na uku shi ne wanda ke kwashe maka fitilun hanya: wutsiyar motar tana fita ta ɗaya gefen. Ka juya hagu, bayanka na dama ya yi waje. An fi gamuwa da wannan wajen fita daga tasha. Ka manne da dakali, ka murɗa sitiyari gaba ɗaya don ka shiga titi, sai kusurwar baya ta share wurin da fasinjoji ke tsaye. Maganinsa ka fara mirginawa gaba tukuna, ka fita a hankali a karkace.

Gudu ma yana da nasa. Kwanar cikin unguwa kilomita 10 zuwa 15 a awa ta ishe ka. Ba wanda zai ba ka lambar yabo don ka sha kwana da 30.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne bas mai gaɓa, mai mita 18, irin MAN NG272 da ke zuwa da gem ɗin, ba ta buƙatar fili fiye da mai mita 12 da wani yawa in gaba ake tafiya. Wahalarta a ribas take, nan kam ilminka na tirela zai yi maka rana. Sai dai ka tuna injinta a can ƙarshen baya yake, turo motar yake yi ba ja ba. In ka lanƙwasa gaɓar fiye da kima za ka ji ƙararrawa, motar ta kama birki da kanta. A kan ƙanƙara kuwa, ka taka totur a tsakiyar kwana, bayan zai nemi ya riga gaban isa.

Ban san da me kake tuƙi ba, amma in da kibod ne rabin laifin nasa ne. Madanni ba shi da tsaka-tsaki, ko a danne ko a sake. Danna O ka koma tuƙi da linzamin kwamfuta: hagu da dama sitiyari, turawa gaba totur, jawowa baya birki. Da farko zai yi maka banbaraƙwai, daga baya ba za ka yarda ka koma kibod ba. Sitiyarin gem irin Logitech G29 ya fi duka, yana juyawa digiri 900, wato sau biyu da rabi daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Na bas ɗin gaske ya fi haka juyawa, amma ya wadatar. Ba sai ka mallake shi ba kafin ka iya kwana.

TAMBAYA: Malam, allon gaban motata ba ya rubuta komai, in na shigar da lambar layi sai na'urar ta ƙi karɓa. Fasinjoji suna tsaye a tasha, na buɗe ƙofa, kallona kawai suke yi ba sa hawa.
Daga wata mai karatu

AMSA: 'Yar'uwa, suna da gaskiya. Ke ma ba za ki hau motar da ba ta faɗi inda za ta ba.

Sunayen tashoshi da layukan kowane gari suna cikin wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da .hof. Abin da ke rikita mutane shi ne ba a foldar garin gem ɗin ke nemansa ba, a foldar motar yake nema. Wanda ya ƙera motarki bai san garin da za ki kai ta ba, don haka bai saka miki nasa ba. Shiga foldar Vehicles, buɗe ta wata motar da kika san tana aiki a garin, kwafi fayil ɗin, ki zuba a foldar sabuwar. Sannan lokacin da kike zaɓar mota, a wurin da ake zaɓar gareji, ki zaɓi sunan garin da kike ciki.

Daga nan sai na'urar IBIS da ke gefen direba, wadda ake shigar da lambar layi a cikinta don allon waje ya rubuta. Lambar layi gurbi biyar take cika, ta hanya kuma biyu. A Grundorf, ƙaramin garin gwaji da ke zuwa da gem ɗin, layi ɗaya ne, 76. Za ki shigar da 07600, ki tabbatar, sannan ki shigar da lambar hanya, 01 ko 02, gwargwadon inda kika nufa. Motocin zamani suna zuwa da na'urori masu allon taɓawa, wasu har sai kin shigar da lambar direba, wadda ke rubuce a littafin bayani. Tsofaffin MAN SD200 masu bene kuwa wasunsu allon naɗi gare su, sai kin jira yana juyawa har sunan ya iso.

A taswirar Spandau akwai wani tarko mai daɗi. Taswirar tana bin tarihin wannan yanki na Balin daga 1986 zuwa 1994, kuma kwanan watan da kika saka shi ke yanke yadda gari zai kasance. Kafin a buɗe katangar Balin a watan Nuwambar 1989, layi na 92 yana tsayawa ne a cikin Balin ta Yamma. Bayan buɗewa sai ya tsallaka har Falkensee, wani gari da ke ɓangaren Jamus ta Gabas a lokacin. A 1991 aka sauya lambobin layukan birnin, 92 ya koma 137. Saboda haka fayilolin garin sun fi ɗaya, na shekaru daban-daban, kuma in kika ɗauki na 1986 kika shiga 1994 za ki yi ta neman layin da ba a haifa ba tukuna.

In na'urar ta karɓi lamba amma allon waje yana nan baƙi, to haruffa ne suka ɓace. Duba cikin abin da kika sauke, akwai folda mai suna Fonts, ki juye abin da ke ciki a ta gem ɗin.

TAMBAYA: Fasinjojin gem ɗin nan sun ishe ni da mita. Na taka birki su yi gunaguni, na makara su yi gunaguni. In na yi gudu don in cika lokaci sai abin ya ƙara lalacewa. Ta yaya ake gamsar da su?
Daga wanda ya kusa haƙura

AMSA: Malam, kada ka haƙura, nan ne daɗin wasan yake. Kowa zai iya kai mota daga wannan tasha zuwa waccan. Tsayar da tan 18 a daidai turken tasha, ƙofa tana kallon mutane, taya tana dab da dakali, ba tare da na tsaye ya yi tangaɗi ba, wannan shi ne aikin.

Ka ɗauka kwano ne cike da ruwa a hannunka. Ɗaga ƙafa daga totur tun tasha tana nesa. Taɓawar farko ta birki a irin waɗannan motoci ba ta kai ga tayoyi ba, ritada take kunnawa, wata na'ura a cikin giyabos da ke rage gudu da mai. Ita ce ke yin kukan nan mai kama da fito in mota tana rage gudu. Bar ta ta yi yawancin aikin. Nauyin birkinka ya kasance a farko, in mota ta kusa tsayawa ka riƙa sassautawa, har a taku na ƙarshe ƙafarka ta kusa barin birkin. Masu koyo akasin haka suke yi: su taɓa kaɗan, su ga turke ya taho, su danne gaba ɗaya, kowa ya yi gaba ya dawo.

Ka kuma saurari giyarka, don ba duka ɗaya ba ne. Giyabos ɗin Voith, irin na tsofaffin masu benen Balin, giyarsa ta farko doguwa ce, inji zai yi ta kuka a murya ɗaya mota tana ƙara gudu kafin ya canja. Na ZF yana da matakai da yawa, EcoLife har shida, yana canjawa da wuri, ka ji shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya saba da ɗaya in ya hau ɗayan sai ya ɗauka motar ce ba ta da lafiya. Ni na Voith nake so, ba don ya fi ba, kukan ne kawai ke min daɗi.

Batun lokaci kuwa, gudu ba ya biyan bashi a cikin gari. Iyakar gudu a garuruwan Jamus kilomita 50 ne, a unguwanni da yawa 30, tashoshi kuma kusa-kusa suke. Sakan biyar ɗin da ka samu da taka totur danja ɗaya za ta cinye su. A bakin ƙofa ake asarar lokaci: mai neman tikiti ya ajiye kuɗi, kana lalube wane maɓalli ne, kana lissafin canji da tsabar Mark ɗin Jamus da ba ka saba gani ba. Koyi na'urar tikitinka mota tana tsaye, ka san inda kowane tikiti yake, za ka ga mintunan sun dawo da kansu. Sa sigina tun kana rufe ƙofa. A dokar Jamus ana ba bas hanya in za ta fita daga tasha, motocin gem ɗin ma sukan yi hakan, kodayake ba kullum ba.

Kuma in za ka saɓa wa jadawali, gara ka makara da ka yi wuri. Wanda ka makarar zai jira ka yana mita, wanda ka riga lokaci kuwa ka bar shi a titi. In na'ura ta nuna kana gaba da lokaci, tsaya a tasha ka jira. Mai koyo ya zaɓi safiyar Lahadi ko tsakar dare, titi babu kowa, kafin ya gwada ƙarfe bakwai na safiyar Litinin. Wani gunagunin ma ba na tuƙi ba ne. In watan Janairu ka saka, kunna musu hita. In dare ne, kunna fitilun ciki.

TAMBAYA: Kwamfutata sabuwa ce, tana ɗaukar manyan gem na zamani. Amma da na saka sabuwar bas a babban gari sai gine-gine su koma farare fat, daga baya gem ɗin ya rufe kansa.
Daga wani mai gyaran waya

AMSA: Maigida, ƙarfin kwamfutarka bai dame shi ba. OMSI 2 manhaja ce mai bit 32, ba ta iya amfani da fiye da gigabait 2 na ma'adanar aiki (RAM) ko da kana da 32. Motar ƙari mai kyau, da hotunanta masu nauyi da sautukanta, ita kaɗai tana cin kaso mai tsoka. In wuri ya ƙare, sai gem ya daina loda fenti, shi ne farin da kake gani. Akwai sanannen ɗan gyara da ake kira facin 4GB, wanda ke ɗaga iyakar zuwa gigabait 4. Ajiye kwafin Omsi.exe tukuna kafin ka yi shi, kuma in gem ɗin ya sabunta kansa ka sake yi.

Bayan haka rage kaya. Taswira yanka-yanka take, yawanci kowane yanki mita 300 ne a kowane gefe, kuma a saiti kai ke faɗin yanki nawa na kewaye za a loda. Ɗaya ya isa. Rage yawan motocin titi da masu tafiya a ƙasa. Madubai suna cin ƙarfi sosai, domin kowane madubi sake zana duniyar ake yi, don haka sa su a matsakaici, amma kada ka kashe su. In kana samun hoto 30 a sakan, ka gode wa Allah, a wannan gem ɗin ba a raina shi. In ya sake rufewa, buɗe logfile.txt ka karanta layukan ƙarshe, yawanci sunan abin da ya ɓace yana nan a rubuce.

TAMBAYA: Ni ba ni da kwamfuta, waya kawai gare ni. Akwai rabona a wannan harka?
Daga wani matashi

AMSA: Akwai, ƙanena. OMSI dai ba ya hawa waya, duk wanda ya ba ka wani fayil ya ce shi ne, kada ka buɗe. Proton Bus Simulator, wanda aka yi a Barazil, shi ya fi kusa da abin da muke magana a kai: layukan cikin gari, tashoshi kusa-kusa, kuma yana karɓar motocin ƙari. Bus Simulator Indonesia na kamfanin Maleo ya fi yawan jama'a da yawan kayan ƙari da ake kira mod, sai dai ya fi karkata ga tafiya tsakanin garuruwa da ƙawata mota. Duk abin da na faɗa a kan kwana da birki yana aiki a cikinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana kwana a kan wannan wasan bas, yanzu har yana cewa ya iya mota, a ba shi makullin ta mahaifinsa. Da gaske wasan yana koya tuƙi?
Daga wata uwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada a ba shi.

Ba zan ce bai koyi komai ba, don ba gaskiya ba ne. Yaron da ya daɗe a kan irin wannan wasa ya saba duba madubi kafin ya motsa, ya san a sa sigina, ya san babbar mota tana da wuraren da direbanta ba ya gani, kuma ba zai tsaya a gefen bas tana shan kwana ba. Wannan na ƙarshen ko a ƙafa yake zai amfane shi. Ranar da ya je makarantar koyon tuƙi malaminsa zai ga bambanci.

Amma jiki bai koyi komai ba. A kujerar ɗaki ba ya jin nauyin mota a bayansa, ba ya jin taya tana sulɓi, ƙafarsa ba ta san zurfin birkin gaske ba. Mafi muni, bai san tsoro ba. A wasa in ya buge mutum sai ya sake lodawa ya ci gaba. Mutanen gem kuma a kan ƙa'ida suke tafiya, ba yaron da zai faɗo titi yana bin ƙwallo. Ki yaba masa a kan haƙurin da wasan ke buƙata, don ba kowane yaro ke iya zama yana jiran iska ta cika a tanki ba. Makulli kuwa sai shekarunsa sun kai, ya je wurin malami, ya samu lasisi. Kwanan da yake yi a kai ma a rage, layin bas ɗin ba zai gudu ba.

TAMBAYA: Motocin ƙari sun yi yawa, na kuɗi da na kyauta. Ta yaya zan gane mai kyau kafin in ɓata lokacina?
Daga wani sabon shiga

AMSA: Ɗan'uwa, kuɗi ba shi ne ma'auni ba. Akwai na kyauta da masu sha'awa suka shekara suna yi, sun je gareji sun naɗi sautin motar gaske, sun fi wasu na sayarwa nesa ba kusa ba. Amfanin na sayarwa a Steam, kasuwar gem ta intanet, shi ne suna shiga da kansu, ba ruwanka da kwashe-kwashen folda. Waɗanda aka fasa aka raba a ɓoye kuwa ka bar su, haƙƙin mutane ne, kuma ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta suka fi shigowa.

Kada hoton waje ya ruɗe ka, a kujerar direba za ka zauna. Nemi bidiyon wani yana tuƙa ta daga ciki, ka rufe ido ka saurara: sautin inji yana bin nauyin ƙafa, ko zaƙi ɗaya ne ake ta maimaitawa? Ana jin giya tana canjawa? Ƙofa tana huci? In ka sauke, kai ta Grundorf, don garin ba shi da nauyi kuma ka san hanyarsa. Danna maɓallan gaban direba ɗaya bayan ɗaya ka ga nawa ne ke aiki, nawa ne zane kawai. Taka birki da ƙarfi ka ga ko hancinta zai duƙa. Sha kwana ka ga ko za ta ɗan kwanta. Duba madubin dama: in ba ka iya ganin tayar baya da gefen titi a cikinsa, goge ta kawai, duk kyanta.

In so kake ka canja yanayi gaba ɗaya, ƙarin Shikago yana ba ka motocin New Flyer na Amurka da faffaɗan tituna, na Landan kuma ya mayar da kai tuƙin hannun hagu da bas mai bene a matsattsun hanyoyi. Mai son hoton zamani ya duba The Bus na TML-Studios, wanda ya fara fitowa a 2021, shi ma a Balin yake, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya fara da MAN NL202 da ta zo da gem ɗin, mai kusan mita 12 ce, ba bene ba gaɓa, ya zauna a kanta har ya daina hawa dakali. Sannan ya sauke mota ɗaya, ɗaya tak, ya karanta littafinta kafin ya danna E.